Lambar da na karanta ina cikin takaba

A lokacin ni matar gida ce a unguwar Sotega, can ƙasar da muke zaman baƙunta, karatuna bai yi nisa ba, amma akwai ni da surutu da son mutane. Maigidana yana aiki da wani kamfanin dakon kaya a Oloumi, unguwar masana'antu. Da ciwo ya kwantar da shi sai suka ba shi kwamfuta ya riƙa aiki daga ɗaki. Ya ce mini akwai ɓoyayyiyar hanya, VPN sunanta, da ke shigar da shi rumbun takardun kamfanin, kuma ba ta buɗewa sai da lambar da ake turo masa ta waya. Allah Ya yi masa rasuwa, na shiga takaba, kwamfutar tana nan kan tebur don ba ni da halin fita in mayar.

Ranar bakwai, bayan azahar, wani ya kira wayarsa. Hausarsa irin ta garinmu, ya kira ni Hajiya, ya yi ta'aziyya har na yi kuka. Ya ce daga biro yake, wato ofishin kamfanin, za su rufe hanyar marigayi, in kunna kwamfutar in karanto masa lambar da za ta shigo. Kalmar sirrin kwamfutar ma tana rubuce a wata 'yar takarda manne a jikin murfin, na karanta masa duka. Kunnena ya ji cewa babu ƙarar injinan Oloumi a bayansa, sai hayaniya irin ta kasuwar Mont-Bouët, amma daɗin hira ya sa na share.

Washegari da rana tsaka na ga 'yar kibiyar nan ta kwamfuta tana yawo kan allon ita kaɗai, takardu suna buɗewa suna rufewa. Wallahi na zaci marigayi ne. Na rufe ta da zane, ban faɗa wa kowa ba.

Bayan 'yan kwanaki sai ga mutanen kamfanin sun zo. Suka ce kullum sunan maigidana yana shiga rumbunsu, an kwashe bayanan masu kaya, ana zargin ya sayar da sirrin tun yana raye. Na faɗi gaskiya da bakina, aka wanke sunansa, ni na ɗauki kunyar.

Ranar sadakar arba'in ina bayan labule, na ji muryar mai wayar nan a cikin maza: "Hajiya, ya ƙarin haƙuri?" Kafin in miƙe ya fita. Har yau ban san fuskarsa ba.

'Yan uwana, lambar waya irin wannan ko da yaren garinku aka tambaye ku, kada ku karanta. Idan mai kwamfuta ya rasu, a sa kamfani ya rufe hanyarsa ranar da aka binne shi.