Osbert Tansley da Kabarin Bakin Dogo

Marlby ƙauyuka biyu ce: Marlby ta Tudu da Marlby ta Kwari, kowace da cocinta da maƙabartarta, kowace kuma tana ganin ita ce ta asali. Tashar jirgin ƙasa tana tsakaninsu, a nan Osbert Tansley ya yi shekara talatin da ɗaya yana loda buhunan dankali da tulunan madara. Da aka rufe tashar a 1964, aka ciccire layin dogo, sai ya ƙi tashi. Ya sayi gidan tashar, shi da matarsa Winifred suka ci gaba da zamansu suna kiwon kaji.

Bayan shekara tara Winifred ta rasu, ana tsakiyar sanyi. Osbert ya sa baƙar kwat ɗinsa ya hau Tudu, cocin da take zuwa, neman wurin binne ta. Dattijon cocin, Mista Gadsby, ya shimfiɗa masa taswira.

"Sai haƙuri, Osbert. Maƙabartarmu ta kusa cika, gidanka kuma a yankin cocin Kwari yake."

"Shekara ashirin tana goge muku benci, ba ku nemi taswira ba sai yau?"

Ya gangara Kwari yana huci. Rabaran Ellwood shi ma ya ɗauko tasa taswirar, ya yi ta bin layi da yatsa.

"Ka ga iyakar ta ratsa gidan ne. Ɗakin girki namu ne, amma ɗakin kwanan da ta cika a ciki na Tudu ne."

"Ai da kun faɗa mini da wuri, Rabaran, da na jawo ta gindin murhu ta mutu muku daidai!"

Kwana biyar gawa na kwance, dattawa suna aika wa juna wasiƙu. A na shida Osbert ya je ofishin gunduma aka ba shi izinin binne ta a filin tashar, ya dawo ya ɗauki diga. Yana da shekara sittin da shida, ƙasa ta daskare kamar dutse, amma shi kaɗai ya haƙa kabarin a bakin tsohon dogo, hannuwansa duk jini. Da kunya ta kama dattawan suka aiko cewa an samu wuri, ya ce wa ɗan aiken, "Su ajiye wa kansu, sun kusa buƙatarsa."

Bai ƙara taka coci ba. Ko burodi bai sake saya a ƙauyukan ba, gara ya tuƙa keke mil bakwai zuwa gari.

Shekaru suka wuce, sai kowace Marlby ta fara kwaɗayin tashar don ta mai da ita zauren taro. Gadsby ya zo da wakilin Kwari, kowa na cewa a ƙasarsu take. Osbert ya tare su a ƙofa da bokitin kashin kaji.

"Yau kuma kowa ya san ni? Wanda ya ƙara taku ɗaya, da wannan zai yi wanka!"

Gadsby ya ɗauka wasa ne. Ya koma gida yana wari.

Osbert ya kai tamanin da huɗu kafin ƙafa ta gaza, aka kai shi gidan tsofaffi a gari. Wata uku ya yi yana faɗa da ma'aikatan jinya kan shayinsu ya cika ruwa, sannan ya rasu. 'Yar ƙanensa Maud ta kawo shi gida ta binne shi kusa da matarsa.