Madarar Baban Ummi

Sai ranar sadakar bakwai na gane abin da ciwona ya yi wa mijina.

Na daɗe ban yi magana a nan ba, ku yi haƙuri. Bakin ne ya yi nauyi.

Ƙullutu na fara ji a nonon hagu ina wanka. Aka yanki tsoka aka kai gwaji. Likita ta ce ciwon daji ne, sannan ta dubi mijina, Baban Ummi, ta ce, "Malam, jinyar doguwa ce, sai ka daure."

Ya daure ɗin.

Aka cire nonon. Aka shiga ƙarin ruwan magani, ga amai, gashina ya zube. Daga baya aka gasa min ƙirji da na'ura a asibitin Zariya. Babur ɗin Baban Ummi ya tafi a kuɗin magani, ya koma tafiya aiki a ƙafa daga Zawaciki zuwa kamfanin fata a Challawa.

Kullum sai ya dawo da gwangwanin madara a aljihu. Ita kaɗai cikina ke riƙewa. Ya ce kamfani ne ya ƙara musu.

Duk wanda ya gamu da shi, a masallaci ko a ƙofar gida, gaisuwar ɗaya ce: ya mai jiki? Ya ce da sauƙi. Ya rame, yana tari, barci ya ƙaurace masa. Ni ma da nake kwance kusa da shi, jira nake ya tambaye ni jikina.

Ya faɗi a wajen aiki, saura kwanaki kaɗan a karanta mana sakamakon ƙarshe. Bai tashi ba.

Ranar bakwai ɗin, Bitrus abokin aikinsa ya zo gaisuwa. Ya ce madarar nan ɗaya tak ake ba masu aiki a ɗakin sinadari, su sha saboda abin da suke shaƙa. "Maman Ummi, tun da kika kwanta bai kai ta baki ba. Na yi faɗa har na gaji."

Sakamako ya fito. Babu ciwon. Alhamdu lillahi. Na gode wa likitocina, da maƙwabtan da suka riƙe min yara, da Bitrus.

Mata, in kin ji ƙullutu, ki je asibiti da wuri. In kun je dubiya, ku tsaya ku dubi mai jinyar, ku tambaye shi ko ya ci abinci, ku sa a auna shi shi ma.

Allah Ya jiƙansa. Na warke, amma har ya tafi ban taɓa ce masa ya jikinka ba.