Sale Likitan Tafkin Kanwa

Duk wanda ya san Sale ya san ƙoƙonsa. Da an sallame asuba, tun bai gaisa da matarsa Hajara ba, sai ya gangara tafkin kanwa da ke bayan garinmu, kan hanyar Gaya zuwa Ajingi. Ya kamfaci ruwa, ya kurɓa, ya juya shi a baki kamar mai ɗanɗanar miya, sannan ya yanke hukunci: ko tafki ya kwana lafiya, ko yau jikin sai a hankali. Har ta kai in an gamu da shi ba a tambayar iyali, sai dai a ce, "Ya mai jiki?" Ni taubashinsa ne, ni na laƙaba masa Likita don tsiya, shi kuwa ya amshe sunan hannu bibbiyu.

Ruwan zartsi ne, mutum ba ya iya shansa. Amma Fulani daga nesa suke koro shanu su sha, su yada zango a gonakinmu, su bar mana taki, mu sha nono. Rannan Sale ya tarar da matar mai gari tana wanki da sabulu a bakin ruwan. Ya ɗora ƙwaryar wankin a ka, ya ratsa tsakiyar gari zannuwa na ɗiga masa a gemu, ita tana binsa tana salati, har rijiya. Ya dire ya ce, "Nan ake wanki, Inna. Can asibitin shanu ne."

Shekarar babban fari tafkin ya ƙafe ƙurmus. Da damina ta dawo muka yi gayya, muka haƙo magudana daga gonaki, ruwan sama ya cika shi taf. Ana ta murna Sale ya zo ya kurɓa, ya tofar. Ya ce, "Ruwan nan lami ne! Mara lafiya ya kumbura kuna cewa ya yi ƙiba." Nan take ya je ya zauna daram a bakin magudanar, ruwa har gwiwa, ya ce sai dai a bi ta kansa. Mun yi dariya har da hawaye, ni na fi kowa.

Ashe mu ne abin dariyar. Laka ta toshe idon da kanwar ke tasowa, ciyawar kacala ta rufe ruwan, sauro ya mamaye gari. Shanu su sunsuna su juya. Fulani suka canza hanya, gonaki suka rasa taki.

Sale ya toshe magudanar, ya shiga yasa shi kaɗai. Na tsaya a kansa na ce in ya ɓulla Kano ya sayo min goro. Ya ce, "Riƙe kwandon nan, malalaci." Na riƙe, rani biyu ban ajiye ba, kunya ta jawo sauran gari. Ido ya buɗe, amma sanyin laka ya kwantar da Sale.

Yana kwance kullum yana tambayar mai jiki. Tausayi ya sa na jiƙa kanwar kasuwa a ruwan rijiya na kai masa. Ya kurɓa, ya harare ni, ya ce, "Har gawa za ka cuta? Wannan Hajara ke sawa a tuwo."

Sai ran wata Laraba na ga shanu sun kafa kai a tafkin, belbelu na binsu. Na kamfato da gudu na kai wa Sale. Ya juya shi a baki ya daɗe, sannan ya haɗiye, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce, "Ya warke. A sallami likita." Kwana uku ya ƙara.

Ƙoƙon yana hannuna. Kullum ina kurɓa, wallahi ban san me nake ji ba, kewarsa kawai. Allah ya jiƙan Sale, ya shayar da shi daga tafkin Alkausara. In ya so ya ɗanɗana tukuna.