Ramin Sharar Hedimasta

Ina shekara ta biyu da fara koyarwa a wata firamare a ƙasar Ajingi aka turo mana sabon hedimasta daga birni. Ba a daɗe da gama yaƙin basasa ba. Ya zo da farin gajeren wando da doguwar safa, da wani littafin tsafta da aka ba shi a wurin kwas. Ina jin shi ne kaɗai littafin da ya taɓa karantawa har ƙarshe.

Litinin ɗin farko ya tara mu, mu malamai huɗu, ya ce ƙazanta ta yi wa ƙauyen nan katutu, zai koya mana zubar da shara. Ni dai a gidanmu ban san abin da ake zubarwa ba. Gwangwanin madara, Inna ta kai wa maƙeri ya mai da shi fitila. Zane in ya tsufa a yi goyo da shi, in ya mutu a naɗa gammo. Toka a tace ta a zuba ruwan a miya. Kashin awaki da sharar tsakar gida a tara a juji, da bazara Baba ya ɗora wa jaki a mangala zuwa gona. A makaranta ma a bayan tsofaffin takardun jarrabawa muke tsara darasi.

Ya sa aka haƙa ƙaton rami a bayan aji, duk Alhamis a tara komai a cinna wuta. Takardun nan su aka fara ƙonawa. Sai ya hango jujin lambun makaranta, wanda maigadinmu, wani dattijo da kakanninsa suka zo daga Barno, ya shekara yana tarawa. Dattijon ya rusuna ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan ai taki ne." Hedimasta ya amsa masa da cewa ƙuda bai san taki ba, ya sa aka cinna wuta. Kwana uku jujin yana hayaƙi. Daga nan na ga dattijon ya daina zuwa lambun da sassafe.

Da damina gyaɗa da kuɓewar lambun suka fito tsilli-tsilli, a ƙanjame. Hedimasta ya rubuta rahoto cewa ƙasar yankin ce ba ta da kyau. Ni ya ba in kwafe a sabuwar takarda. Sau uku na kwafa, ya yayyaga biyu wai layin gefe ya karkace.

Duk garin kuwa bayan gidansa ne kaɗai ake samun shara ta gaske: gwangwanayen kifi, kwalaben lemo, kwalin sukari. Matan unguwa suka gano, suka riƙa tsincewa kafin ranar wuta. Ya kai ƙara wurin mai unguwa wai ana yi masa satar shara. Da na ba Inna labari, tana ɗura man gyaɗa a ɗaya daga kwalaben nasa, sai ta ce, "Wai shi malamin nan naku, a gidansu ba a taɓa rasa abu ba ne?"

Shekara biyu ya yi, aka ƙara masa girma aka mai da shi birni. Muka raka shi tashar mota a Gaya, ni ke ɗauke da akwatinsa. Kafin ya hau sai da ya tsayar da mu a rana ya yi jawabi, ya ce ya bar mu da wayewar kai fiye da yadda ya same mu. Sauran malamai suka tafa. Ni hannuna na riƙe da akwati, na ji daɗin samun uzuri.