Waƙar da Muka Tura Gaba

A ajinmu ni ce mai ba da labarin fim. Ba zaɓe aka yi ba, bakina ne ya ba ni matsayin. Makarantarmu ta 'yan mata ce a Daura, wasu 'yan kwana, wasu irina da ke komawa gida bayan an tashi. Yawancin 'yan kwanan daga Zango da Dutsi da Mashi suke, ba su ganin talabijin sai da hutu, wasu ko da hutun ma sai dai su ji labari. Ni kuwa 'yar cikin gari ce, kuma a gidanmu akwai bidiyo. Don haka da an kaɗa ƙararrawar fita tara, kafin in isa gindin darbejiyar da ke bayan ajinmu, an riga an share mini saiwar da nake zama.

Ban taɓa cewa a biya ni ba, Allah ya sani. Amma mutum ba ya magana da yunwa, kuma 'yan ajinmu sun gane haka da wuri. Wannan ta miƙo awara da yaji a leda, waccan gullisuwa, wata dakuwa ko aya. Akwai wata 'yar Mashi, doguwa mai saurin kuka, wadda ake aiko mata da soyayyar fara daga gida a cikin gwangwanin madara. Farar nan ta sha yaji da gishiri, idan ka tauna sai ta yi ƙaras a baki. Ita ce ke zama dab da ni, kuma duk inda labari ya yi zafi sai ta manta ta tura mini gwangwanin gaba ɗaya. Ni kuma na san inda zan ja numfashi in yi shiru har sai hannuwa sun miƙo. Ina yin muryar tsoho da tarinsa, ina yin kukan uwa, ina yin tafiyar attajiri da tumbinsa. Ina son wannan zama fiye da duk wani darasi da aka taɓa koya mini, kuma ban ɓoye wa kowa ba.

Sai dai akwai abin da ban gaya musu ba game da yadda muke kallo a gidanmu. Lokacin ba a daɗe da ƙaddamar da Shari'a ba, malamai sun sa finafinai a gaba, wasu magidanta a unguwarmu har sun tattara bidiyon sun kai kasuwa. Babanmu mai sayar da yadi ne, mutum mai son tsakiya a komai. Ya tara mu ya ce shi bai ga laifin labari ba, wani fim ɗin ma wa'azi ne ga mai hankali. Amma rawar nan da mace da namiji ke yi suna zagaya bishiya, ba a gidansa ba. Saboda haka dokar ita ce: a kalli fim, idan an zo waƙa a tura gaba.

Shi dai a faɗarsa ba ya kallo. Ranakun da ba makaranta, idan an kawo wuta bayan la'asar, sai ya shimfiɗa tabarmarsa a bakin ƙofar falo, ya juya wa talabijin baya, ya kara rediyonsa a kunne. Amma kunnen Baba ɗaya na wurinmu. Da fiyano ya yi ƙara sau ɗaya, sai ka ji gyaran murya daga bakin ƙofa, Umma ta kai yatsa ta danna. Daga nan sai sauti ya ɗauke, layuka su cika gilashin, saurayi da budurwa su kama guje-guje a cikin lambu kamar kaji sun ga shaho, suna canza kaya kafin ka ƙifta ido. Idan suka tsaya, Umma ta saki, labari ya ci gaba.

Abin yana ci mini rai, domin ni waƙar ce ma na fi so. A wurin mai kaset na bakin tasha nake rama ƙishina. Yana da baro cike da kaset da wata lasifika mai tsatsa, ni kuma kullum idan na taso daga makaranta sai igiyar takalmina ta kwance daidai wurin. Ta haka na haddace waƙoƙi da yawa, amma ban san wacce ce ta wane fim ba. Idan ina ba da labari na iso wurin da muka tura, sai in ce, "Sai suka yi waƙa," in ɗauko duk wadda ta zo bakina in rera. Babu mai musu, tunda babu wadda ta gani.

Ana nan aka fito da wani fim da ya tayar da hankalin gidanmu. Wani tela ne mai ladabi yake neman wata yarinya, iyaye sun amince, har an kai kayan sa rana. Dab da ƙarshen kashi na ɗaya ya zo wurinta zance fuskarsa ba walwala, ya buɗe baki zai yi magana, sai fiyano ya tashi. Baba ya yi gyaran murya, Umma ta danna. Da aka saki, sai ga yarinya tana kuka tana mayar masa da zobensa, shi kuma ya juya ya tafi. Aka rubuta a jira kashi na biyu.

Umma ta tafa hannu ta ce, "Kun ga namiji ko? Wata ya gani!" Ta yi masa Allah ya isa har tana haɗawa da danginsa. Baba kuwa, na lura rediyon da ke kunnensa a kashe yake.

Haka na kai labarin makaranta, na ƙara masa gishiri. Na ce telan maci amana ne, ya hango 'yar mai kuɗi. 'Yar Mashi ta yi kuka har da majina, 'yan aji suka kwana biyu suna tsine wa teloli, har da waɗanda ke ɗinka mana kayan makaranta. A ranar na ci awara har na kasa cin tuwo a gida.

A makon ne aka kawo mana sabuwar ɗaliba. Babanta ma'aikacin kwastan ne da aka yi wa canji daga Kano zuwa kan iyaka, don haka muka sa mata 'yar Kano. Gajera ce, ba ta da yawan magana, hijabinta kullum a goge. Ta zauna a bayan taro tana jin ana maimaita zancen telan, sai ta ɗaga murya a hankali ta ce, "Ai ba haka aka yi ba."

Duk aka juya aka dube ta. Na ce, "To malama, yaya aka yi?"

Ta ce, "Ba wata ya gani ba. Kakarsa ce ta gaya masa mace ɗaya ta shayar da su suna jarirai. Ƙanwarsa ce ta nono, aure ya haramta. A cikin waƙar ya faɗa mata, yana kuka ma. Ke ba ki ji waƙar ba ne?"

'Yar Mashi ta dube ni da jajayen idanunta ta ce, "Kenan bawan Allah nan muka yi ta zagi a banza?" Ta janye gwangwaninta ta rufe. Washegari da na zo gindin darbejiya, 'yar Kano ce a kan saiwata. Gaskiya ba ta iya labari ba, a guje take faɗinsa kamar mai karanta sanarwa, ba murya ba tari. Amma abin da ta faɗa shi ne aka yi, kuma yanzu ita ake miƙa wa leda. Na koma gefe da ƙuli-ƙulin da na saya da kaina. Na ji haushi, na ji kunya, kuma na ji tsoron shi kenan an gama da ni.

Na daure kwanaki, ranar nan dai na fashe a gida. Umma na tankaɗe a tsakar gida, Baba na alwala, na tsaya ina kuka ina cewa an mayar da ni maƙaryaciya a makaranta saboda turawar da ake yi. Na faɗi abin da 'yar Kano ta ce. Umma ta saki rariya ta ce, "Innalillahi, mun ɗauki alhakin yaron mutane."

Baba ya tsaya da buta a hannu. Ya ce, "Shayarwa kika ce?"

Na ce, "Eh, Baba."

Ya ce, "Ai wannan mas'ala ce babba. Kuma a cikin waƙa suka sa ta? Kai, 'yan fim ba su da tsari." Ya ƙarasa alwalarsa ya fita masallaci yana girgiza kai.

Kaset ɗin na haya ne, tuni an mayar. Amma washegari da Baba ya dawo daga kasuwa, sai ya zaro wani abu daga cikin ƙyallen yadi ya ajiye a kan bidiyo, bai kalli kowa ba. Ya ce ba ya son a yanke wa mutum hukunci ba a ji ta bakinsa ba. Sai dai rawar tana nan a haramcinta. Muka tsaya cirko-cirko, ga waƙa ana son ji, ga rawa ba a son gani. Umma ce ta warware. Ta shiga ɗaki ta fito da wani zaninta na atamfa mai ganye-ganye, ta ce, "Malam, ai ido ne ya yi laifi, kunne bai yi ba." Ta lulluɓe talabijin da shi, ta sa kwano a sama ya danne.

Haka muka zauna, mu da Baba wanda yau ya juyo da fuskarsa, muna kallon zani. Haske na motsi ta bayansa, fiyano ya tashi, babu gyaran murya. Telan ya rera yadda kakarsa ta kira shi ta gaya masa, yarinyar ta amsa tana roƙon a ce mafarki ne. Muryarta siririya ce, tana hawa tana sauka. Umma ta share ido da bakin mayafi.

Da aka gama Baba ya ce, "Yaron nan ya yi daidai. Ko sau ɗaya ya sha, ta haramta gare shi." Sannan ya ce wa Umma, "Mayar da shi baya, ban ji ko wace ce ta shayar da su ba." Umma ta mayar. Aka sake, ya ce akwai baitin da bai fahimta ba. Umma ta dube ni ta gefen ido, na dubi ƙasa don kada dariya ta kuɓuce mini. Kafin a ɗauke wuta na haddace waƙar tun daga farko har ƙarshe, har da inda mawaƙin ke jan numfashi.

Ranar Litinin ban jira an gayyace ni ba. 'Yar Kano na tsakiyar wani labari, 'yan aji na hamma a ɓoye, na tsaya a bayansu na ɗauko waƙar telan. Na yi muryar namiji, na juya na yi ta mace. Kawuna suka juyo ɗaya bayan ɗaya. Kafin in kai rabi 'yar Mashi ta fara sana'arta ta kuka, wasu daga ajin gaba ma sun matso. Da na dire aka yi ta tafi, zuciyata ta yi fari, na ce a raina saiwa ta dawo hannun mai ita.

Sai wata 'yar Zango ta ce, "To yaya suka yi rawar?"

Nan na tsaya. Da a da ne, da na ƙirƙiro wani abu nan take. Amma ga 'yar Kano zaune tana kallona. Na ce, "Wallahi ban sani ba. Zanin Ummanmu na gani." Na ba su labarin zani da kwano da Baba mai neman baiti, suka yi dariya har wata ta ƙware da aya.

'Yar Kano ba ta yi dariya sosai ba. Ta miƙe, ta leƙa ta gefen aji ko akwai malama, ta tattare hijabinta ta ɗaure a ƙugu. Ta ce mini, "Ni na ga rawar, amma ba na iya riƙe waƙa. Ɗauko daga farko." Ta matsa ta bar mini rabin saiwar, 'yan aji suka buɗe fili.

Na ɗauko. Yarinyar nan da ba ta iya haɗa zance biyu ba, ashe a ƙafa da kafaɗa bakinta yake. Ta yi takun telan, hannu a ƙirji, ta juya ta zama yarinyar, tana ja da baya tana girgiza kai daidai inda muryar ke hawa. Kowane baiti da na haddace a gaban zani ashe yana da nasa motsin, kuma ga shi a gabana a kan ƙasar makaranta. Daɗi ya kama ni har na manta ni ce mai waƙar, na saki baki ina kallonta.

Ta tsaya da ƙafa ɗaya a sama ta ce, "Ke, ci gaba mana, za a koma aji!"

Na share idona da bayan hannu na ci gaba.