Hoton Yaya Issaka a Takardar Wanda Ya Ci Amanarsa

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Issaka, mai buga takardu a unguwar Maamobi, nan Ghana. Na yi niyyar bana ma in yi masa addu'a a gida in yi shiru kamar kullum, sai wata takarda da aka miƙo min ta tagar mota a Kawukudi ta hana ni.

Shagonsa ɗaki ɗaya ne da tsohon inji mai ƙara. Katin aure da na suna yake bugawa, da sanarwar addu'ar mamata. Siyasa ta same shi ne lokacin da aka ji ana shirin sayar da filin unguwa, inda mata ke sayar da koko da waakye, wato shinkafa da wake, filin da dattawa suka ware don a gina asibitin haihuwa. Amininsa Mumuni, mutum mai baki, shi ke tsara kalmomin takardun adawa da sayar da filin, Yaya ya buga da Turanci da Twi da Hausa, har da ajami saboda tsofaffi. Mu mata mu cusa su cikin gyale, mu raba a ƙofar masallaci bayan Juma'a da wajen taron biki. Wanda bai iya karatu ba, mu tsaya mu karanta masa. Mutane suka taru, masu sayen fili suka janye.

Da zaɓe ya zo, unguwa ta ce Mumuni ya tsaya kansila. Yaya ya ajiye aikin abokan cinikinsa ya buga masa takardu, hannunsa baƙi ƙirin da tawada har wajen cin abinci. Mumuni ya ci zaɓe. Bai shekara biyu ba aka kewaye filin da kwano, aka kori matan, aka fara haƙa ramin gidan mai. Da sa hannunsa.

Yaya ya sake kunna inji, wannan karon shi kaɗai. Amsar da ya samu ita ce ta karya shi. Yaran Mumuni suka baza tasu takardar cewa Issaka ba ɗan Ghana ba ne, babansa daga Nijar ya zo, me ya haɗa baƙo da filin 'yan ƙasa? Labarin zuwan Babanmu kuwa a tsakar gidanmu Mumuni ya ji shi, yana cin tuwon Mama. A nan aka yanke wa Yaya cibi, amma mutane suka fara tsoron a gan su a shagonsa. Ya daina fita hira, hawan jini ya kama shi. Ko sau ɗaya ban ji ya zagi Mumuni ba. Abin da yakan ce kawai: "Ni na koya wa mutane su yarda da takarda."

Yanzu Mumuni majalisa yake nema. Takardar da aka miƙo min hotonsa ce, kafaɗa da kafaɗa da Yaya a ƙofar shagon, an rubuta cewa tare suka yi wa Zango, wato unguwanninmu, gwagwarmaya. Na same shi a ofishinsa na Nima, na ajiye ta a gabansa.

"Ƙanwata Fati, zauna mana," ya ce. "Ai girmama marigayi na yi."

"Honorabul, yaushe baƙon ya zama ɗan ƙasa?"

Ya dubi yaransa, ya rage murya. "Wancan siyasa ne. Ya wuce."

Ban zauna ba.

Nakan tambayi kaina me Yaya zai yi da yana raye. Yau waya ta karɓe aikin takarda, ƙarya kan zaga Nima kafin a idar da salla. Ina jin da zai buga gaskiyar abin da ya faru da sunansa a ƙasa, domin bai taɓa fitar da takarda ba suna ba. Shi ya sa na sa nawa a wannan shafi.

Filin ya tafi, asibitin ba a gina ba, injin ma 'yan gwangwan na Agbogbloshie suka kwashe. Abin da ya rage shi ne matan da aka kora. Makon jiya na ga ɗaya daga cikinsu, Hajiya Adiza mai koko, an ba ta takardar. Ta sa almakashi ta yanke hoton Yaya a hankali, ta manna a jikin teburinta. Sauran rabin ta miƙa wa mai ƙosai ta naɗe wa mutane.

Allah ya jiƙanka, Yaya.