Kwanar da Tsvetan Bai Rubuta Ba

Shekara ashirin Tsvetan yana zama gefen direban ƙungiyarmu a tseren motoci na duwatsun Rodopi, yana karanto masa kowace kwana daga littafin da ya rubuta da hannunsa. Bana ko taya ta gagare mu saya. Wani mai kamfanin madara ya ce zai ɗauki nauyinmu, muddin aka ba ɗansa Plamen kujerar Tsvetan.

"Tsoho, miƙo littafin," in ji Plamen. "Karatu ne kawai, ko aku zai iya."

Ya miƙa masa, har da addu'a.

Ranar tseren, a kwanar wata gada motar ta faɗa rafi, Plamen ya karye a ƙafa biyu.

Na tambayi Tsvetan yadda aka yi. Ya ce, "Wannan kwanar ban taɓa rubuta ta ba, da ka nake faɗa wa direba. A nan ƙanena ya mutu, yaya zan manta?"